Kiran da Muka Ji a Fadamar Kubanni

Ko da wata rana tsufa zai kwashe min komai daga kai kamar yadda ya yi wa mahaifina, ina kyautata zaton abin da ya same mu a fadamar Kubanni shi ne zai rage min na ƙarshe. Shekaru sun shuɗe, Baba ya riga mu gidan gaskiya, amma wannan yammacin yana nan a idona kamar jiya aka yi shi. Ba na jin zan manta da shi har in koma ga Allah.

Ni tela ne. Shagona yana bakin titi a Tudun Wada, kuma duk wanda ya san wurin ya san ba a shiru. Tun safe janareta ke ruri, 'yan keke da 'yan acaɓa na ta danna hon, masu gyaran waya sun ƙure lasifika, ga masu talla kowa na neman ya fi wani murya. A wurin Baba na koyi ɗinki. A zamaninsa, in ana maganar aikin babbar riga, har daga cikin birni ake zuwa nemansa. Mutum ne mai tsafta, mai ƙarancin magana, ban taɓa jin ya ba da labarin yarintarsa ba, mu ma ba mu taɓa tambaya ba.

Sai tsufa ya zo masa da ciwon mantuwa. Da farko ƙananan abubuwa ne: ya ajiye tabarau ya yi ta nema, ko ya sake sallar da ya riga ya yi. Daga baya ya fara ce min "Malam", yana gaishe ni da ladabi kamar baƙo. Akwai ranar da ya dubi Inna, matar da suka tsufa tare, ya tambaye ta ko maigidanta na nan. Inna ta shiga ɗaki ta yi kuka, ta fito ta zuba masa abinci. Mun saba da jin maganganun da ba su da kai, har ya zama in yana magana sai mu ce "to, Baba" kawai, ba tare da mun saurara ba.

Likitan da ke duba shi ne ya ce hayaniya na ƙara rikita shi, in da hali a riƙa fita da shi wurin da babu cunkoso ya ɗan taka. Shi ya sa na mai da shi al'ada, duk Juma'a bayan la'asar sai in rufe shago, in riƙo hannunsa mu gangara fadama.

Wanda bai taɓa bin hanyar ba ba zai yarda akwai irin wannan wuri a bayan Tudun Wada ba. Za ka bi lungu, ka wuce masu markaɗe, ka tsallake kwata, ka bi ta gefen wata bola da awaki ke kiwo a kai. Da ka wuce gidajen ƙarshe, ƙasa ta fara gangara, sai ka ji kamar an rufe ƙofa a bayanka. Ƙarar garin ta koma can nesa kamar kukan ƙudan zuma. Gabanka sai kore: rake, masara, kuɓewa, shinkafa a ƙasa-ƙasa inda ruwa ke kwanciya, ga itatuwan mangwaro da gwaiba jefi-jefi. Balbelu na bin bayan shanu. Akwai wata giginya da tsuntsayen marai suka cika da sheƙa, tun daga nesa kake jin surutunsu. In ka hau ɗan tudu ka waiwaya, kana hango Dutsen Kufena can yamma, shuɗi-shuɗi. Rafin kuwa na tafiya a hankali, ruwansa ja saboda damina, ya nufi wajen Gyallesu.

Baba na son wurin. Da mun sauka sai kafaɗunsa su saki. Yakan tsaya ya taɓa ganye ya faɗi sunansa, tafasa, rama, lalo, ba ya kuskure ko ɗaya, shi da ba ya iya tuna sunan jikokinsa. Ni ma, gaskiya, na zo ina jiran Juma'ar nan fiye da shi. A nan kaɗai kunnena ke hutawa.

Ranar da nake ba da labari ƙarshen damina ne, lokacin da gamba ta yi tsawo ta fi mutum. Tun da muka dawo daga masallaci Baba ya ƙi yarda a cire masa rawani, don haka da shi muka fita, farin rawani a kansa, sandarsa a hannu. Da muka zo mashigin da masu ɗiban yashi ke aiki, muka tarar suna loda wata tifa. Suka gaishe shi, ya amsa musu da fara'a. Muka ci gaba, muka bi siririyar hanyar da ke bin gefen rafi, har muka yi nisa fiye da yadda muka saba, don yana ta tafiya da kuzari ban so in katse shi ba.

Ban san daidai lokacin da wurin ya canza ba. Na dai farga ne na ji ba na jin komai. Marai sun yi tsit. Kwaɗin da ke ta kuka a cikin shinkafa sun daina. Ko ganye ɗaya ba ya motsi. Na ɗaga kai sai na ga gabas ta yi baƙi ƙirin, hadari ya taso ya tokare sama, rana kuma ta yamma tana haska shi, sai duk fadamar ta koma wani irin launi rawaya-rawaya, kamar tsohon hoto. Na duba gaba na duba baya, babu mutum ko ɗaya. Masu gonaki duk sun ga hadarin sun haura gida.

Na ce, "Baba, mu juya. Ruwa na zuwa."

Bai motsa ba. Ya karkatar da kai gefe ɗaya, kamar mai sauraren wani abu daga nesa.

Ya ce, "Ka ji shi?"

Na ce, "Wa, Baba?"

"Yana kirana."

Na saba da irin wannan. Na kama hannunsa a hankali na ce, "To, Baba. Mu je gida, gobe sai mu dawo mu same shi."

Ya ce, "Tun ɗazu yake kira. Iya ta ce kada in bar shi shi kaɗai."

Iya mahaifiyarsa ce, kakata, wadda ta rasu tun kafin a haife ni. Na ɗan ja shi, sai na ji ya ƙame kamar an dasa shi. Tsohon da nake taimaka wa ya tsallake kwata, ga shi na kasa gusar da shi. Na buɗe baki zan sake lallashinsa ke nan, sai ni ma na ji.

"Yaya."

Daga cikin gambar da ke hannun damanmu ta fito, ta ɓangaren tudu. Siririyar murya ce, ta ƙaramin yaro, ba da ƙarfi ba, kuma ba kuka ba ne. Kira ne irin na wanda ya gaji da kira. Na ji gashin jikina ya mimmiƙe. Na ce wa kaina tsuntsu ne. Sai ta sake, a wannan karon ta ja shi.

"Yaaya."

Duk wanda ya tashi a unguwarmu ya ji abin da manya ke faɗa game da bakin rafi: in ka ji an kira ka ba ka ga mai kiran ba, kada ka amsa, kada ka waiwaya. Na girma, na yi iyali, na ɗauka na bar waɗannan maganganu a baya. A wannan lokacin duk suka dawo min. Na fara karanta Ayatul Kursiyyu, harshena na sarƙewa, ina maimaita farkon na kasa wucewa gaba. Ban kai ƙarshe ba sai Baba ya ɗaga murya, murya mai ƙarfi da na manta yana da ita.

"Na'am! Ga ni nan zuwa!"

Ya fizge hannunsa ya kutsa cikin gambar.

Ba ni da zaɓi. Na bi shi, na cafko bayan rigarsa na riƙe. Ciyawar ta rufe mu, tana yankar fuskata, ba na ganin komai sai farin rawaninsa a gabana. Abin da ya ƙara tsorata ni shi ne yadda yake tafiya. Ba lalube yake ba. Ya karkata nan, ya kauce can, kamar mai bin hanyar da ya sani tun fil azal, alhali babu hanya. Ina ta cewa, "Baba, don Allah, Baba, akwai macizai," ko waiwayowa bai yi ba. Muryar ba ta sake kira ba. Shirun nan ya fi kiran ban tsoro.

Muka fito wani ɗan fili a gindin wata tsohuwar gwaiba. A nan na ga damin ciyawa an fara ɗaure shi ba a gama ba, ciyawar har ta yi yaushi. Kusa da shi ga lauje a yashe. Gaba kaɗan ga takalmin roba ƙafa ɗaya, a kife. Na saki rigar Baba na matsa don in duba takalmin, sai na ji sandarsa ta tokare min ƙirji.

Ya ce, "Tsaya. Rijiya."

Na dubi ƙasa, ban ga komai ba sai ciyawa kwance. Ya sa sandar ya ɗaga ta. Baƙin rami ne a ƙarƙashi, daf da yatsun ƙafata. Tsohuwar rijiyar lambu ce da aka daina amfani da ita, ba a rufe ba, ciyawa ta lulluɓe bakinta. Da na ƙara taku, da ina ciki.

Na durƙusa, na kunna fitilar wayata na haska. Zurfinta ya kai tsayin mutum biyu ko fiye. A can ƙasa na ga fuska. Fuskar babban mutum ce mai furfura a gemu, duk laka, idanu a buɗe suna kallona. Ruwa ya kai masa ƙirji. Na ɗauka gawa ce, har na fara salati. Sai idanun suka ƙifta.

Na ce, "Bawan Allah! Kana jina?"

Ya gyaɗa kai. Ya buɗe baki, leɓunansa na motsi, amma ba abin da ya fito sai iska. Hannunsa ɗaya na maƙale da wata saiwa da ta ɓullo daga bangon rijiyar, ita ce ta hana shi sulalewa. Na ga yatsun sun yi fari fat.

Aka yi wata tsawa da ta girgiza ƙasa. Iska mai sanyi ta taso, gamba ta fara kwanciya. A take na gane abin da ke tafe. Rijiyar a gangare take, duk ruwan da zai sauko daga tudu ta nan zai bi. In aka yi ruwa mai ƙarfi, mutumin nan ba zai kai magariba ba.

Na kira ƙanena, ya ce yana Samaru. Na kira wani maƙwabcinmu, ina ta ƙoƙarin kwatanta masa inda muke, shi kuma yana ta cewa "wace gwaibar?", har layin ya yanke. Ko da sun taso, kafin su gano mu an gama. Mutanen da suka fi kusa su ne masu yashin nan, in ba su riga sun tafi ba. Da gudu zan iya kai musu. Amma da Baba ba zan iya gudu ba, kuma yaya zan bar tsohon da bai san sunan kansa ba wani lokacin, a bakin rijiya, cikin hadari? In na dawo na tarar da mutum biyu a ciki fa? Me zan ce wa Inna?

Ina tsaye ina wannan tunanin, sai na ji an kira sunana. Sunana na yanka, wanda na yi wata da watanni ban ji daga bakinsa ba. Na juya. Baba na kallona, kuma idanunsa ne na da, na mutumin da ya koya min riƙe almakashi.

Ya ce, "Je ka kira mutane. Ni zan zauna da shi. Wannan karon ba inda za ni."

Ban gane abin da yake nufi da "wannan karon" ba. Har yau kuma ban san ko hankali ne ya sa na yarda ko rashinsa ba. Na dai ce, "Baba, kada ka matsa bakin," na juya na zura da gudu.

Na faɗi ya fi sau ɗaya a hanya. Hulata ta tafi ban tsaya ɗauka ba. Da na iso mashigin, sun gama lodi, direba har ya tayar da mota, saura suna tattara shebur.

Wani ya ce, "Malam, lafiya? Ina tsohon?"

Na ce, "Mutum a rijiya! Yana da rai! Baba na can wurinsa! Ku taimaka da igiya!"

Na nuna musu wajen. Sai na ga sun kalli juna. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Can cikin gambar? Malam, ka tabbata mutum ne ka gani?"

Babbansu, wani dattijo mai faɗin ƙirji, ya riga ya jawo igiya daga bayan motar. Ya ce, "Ko mene ne, ai ya ce tsohonsa na can. Ku taho."

Muna cikin gudu ruwan ya sauko, irin wanda ke zuwa gaba ɗaya kamar an kifar da randa. A nan ne na shiga tashin hankalin da ya fi na farko, domin na rasa wurin. Iska ta kwantar da gambar ta ko'ina, inda muka kutsa ya ɓace, ruwa ya hana ni ganin gwaibar. Na shiga nan na fito, na shiga can na fito. Ina ta ƙwala kiran "Baba! Baba!", tsawa na haɗiye muryata. Mutanen na bina a baya, dattijon na cewa kowa ya riƙa soka shebur a gabansa kafin ya taka. Na tabbata a raina na kashe mahaifina.

Sai ɗaya ya ɗaga hannu ya ce mu yi shiru. Can ƙasa-ƙasa, tsakanin ƙarar ruwa, muka jiyo muryar tsoho tana maimaita abu ɗaya.

"Riƙe. Kar ka saki. Ga ni nan. Riƙe."

Muka bi muryar. Abin da na gani ba zai bar idona ba. Baba na kwance rubda ciki a cikin laka a bakin rijiyar, kansa ba komai, ruwa na dukan furfurarsa. Ya warware rawaninsa, ya ɗaure gefe ɗaya a gindin gwaibar, ya zura ɗaya gefen ciki, ya kuma naɗe tsakiyar a damtsensa yana ja. Jan ruwa na kwarara ta gefensa yana zuba cikin ramin. Da muka haska, ruwan ya kai wa mutumin haɓa. Saiwar da yake riƙe da ita ta tumɓuke tana yawo a kan ruwa. Rawanin ne kaɗai ke riƙe da shi, ya naɗe shi a wuyan hannu.

Dattijon ya ɗaura wa wani siririn cikinsu igiya a ƙugu, muka zura shi. Ya ɗaure mutumin ta ƙarƙashin hammata, muka ja gaba ɗaya, ƙafafunmu na zamewa. Da ya fito sai muka ga ƙafarsa ta hagu a karye take, ta juya wani iri. Jikinsa sanyi ƙalau kamar ƙanƙara. Aka jawo wanda muka zura shi ma. Sai da muka ɓamɓare rawanin daga hannun Baba da ƙyar, don ya ƙi saki, kuma ya bar masa shaida ja a damtse. Ya rarrafa ya dafa kan mutumin, yana shafawa kamar yadda ake yi wa yaro, yana cewa, "Shi ke nan. Shi ke nan. Ba zan gaya wa Iya ba."

Su suka ɗauki mutumin, ni na goyi Baba. Ban taɓa sanin ya yi rashin nauyi haka ba. A tifar yashin aka kai mutumin asibiti, mu kuma aka sauke mu a bakin lungunmu. Inna na tsaye a zaure da mayafi, ta ga mijinta sharkaf cikin laka ba rawani. Faɗan da ta yi min a ranar ban taɓa jin irinsa ba, tana yi tana kuka tana dafa masa ruwan zafi. Washegari Baba ya tashi da ɗan zazzaɓi. Ya ga rawanin a kan igiyar shanya, bai fita tas ba, ya tambayi wanda ya ɓata masa shi. Ya dube ni ya ce, "Malam, sannu da zuwa." Bai tuna komai ba.

Bayan 'yan kwanaki na je duba mutumin. Magidanci ne daga Tudun Jukun, yana kiwon tumaki a gida, shi ya sa yake zuwa yankan ciyawa. Tun yammacin Alhamis ya faɗa, ya kwana a ciki ya wuni. Iyalinsa sun nema har sun gaji, don bai faɗi ɓangaren da ya nufa ba. Muryarsa ta fara dawowa, a dishe. Ya riƙe hannuna ya yi ta godiya har na ji kunya. Da matarsa ta fita, na matsa kusa na yi masa tambayar da ta hana ni barci.

Na ce, "Malam, kai ne kake ta kiran Yaya?"

Ya dube ni da mamaki. Ya ce, "Ni? Ai tun asubahin Juma'a muryata ta tafi. Na yi ihu har na ji jini a maƙogwaro. Lokacin da kuka zo salati kawai nake a zuci, na riga na sallama." Sannan ya ce, "Kuma ni wa zan kira Yaya? Ni ne babba a ɗakinmu."

Na ce ko ya ji wani yaro a kusa. Ya ce bai ji kowa ba sai takunmu.

Goggo ce ta warware min rabin abin. Ƙanwar Baba ce, tana aure a cikin birni, ta zo duba shi da ta ji labari. Muna zaune a tsakar gida na ba ta labarin tun daga farko. Da na zo kan kiran, sai ta ajiye kofin da ke hannunta. 

Ta ce, "Bai taɓa gaya muku yana da ƙane ba ko?"

Na ce ban taɓa ji ba. Inna ma ta ce ba ta sani ba.

Goggo ta ce mahaifinsu na da lambu a wannan fadamar tun suna yara. Akwai ƙaramin ƙanensu, wanda ke bin Baba duk inda ya sa ƙafa. Wata rana Iya ta bar shi a hannun Baba, shi ma lokacin bai wuce a aike shi sayen gishiri ba. Baba ya hau gwaiba yana tsinko musu, ya sauko bai ga yaron ba. Sai ya jiyo shi daga cikin rijiya yana kiran Yaya. Ya rasa yadda zai yi, ya ruga neman manya. Kafin su zo yaron ya daina kira.

Ta ce, "Ba wanda ya ga laifinsa, ai shi ma yaro ne. Amma ya yi kusan shekara ba ya magana. Daga nan babanmu ya sayar da lambun, ya kai shi koyon ɗinki. Ba a sake ambaton yaron a gidanmu ba."

Na ce, "Goggo, ko rijiyar ce?"

Ta ce, "Wa ya sani? Rijiya nawa aka haƙa a fadamar nan, nawa suka rufta? Ka bar wa Allah abinsa."

Na ba mutane da dama labarin nan, kowa da abin da yake faɗa. Ƙanena ya ce iskar hadari ce ta bi ta bakin rijiyar ta yi sauti. Wani abokina malamin makaranta ya ce akwai tsuntsun da ke irin wannan kukan, kuma tsoro da maganar Baba ne suka sa kunnena ya mai da shi kalma. Limamin masallacinmu ya ce Allah na da rundunonin da ba wanda ya san su sai Shi, kada in zurfafa. Ba na musu da kowa. Na dai san iska ba ta taso ba tukuna lokacin da na ji kiran, kuma na koma fadamar sau ba adadi ban sake jin tsuntsun ba.

Masu yashin nan, Allah Ya saka musu, su suka koma suka cike rijiyar. Mutumin kuma da ya fara takawa da sanda, ya sa aka kawo shi gidanmu. Na riga na ba shi labarin da Goggo ta bayar, na kuma gargaɗe shi cewa Baba ba zai gane shi ba. Ya shigo ya durƙusa da ƙyar gaban tabarmar Baba ya gaishe shi. Baba ya ƙura masa ido ya daɗe. Sai ya miƙa hannu ya taɓa furfurar gemunsa.

Ya ce, "Ka girma."

Mutumin ya dube ni, ya dubi Inna. Na ga idonsa ya kawo ruwa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Na girma, Yaya."

Baba ya ce, "To, ka daina wasa kusa da rijiya."

Ya ce, "Na daina, Yaya."

Inna ta yi dariya ta rufe fuska da mayafi, ta daɗe ba ta buɗe ba. Daga ranar har Baba ya bar duniya, mutumin nan bai daina zuwa gaishe shi ba, kuma yana sahun gaba ranar jana'iza. Ba zan ce Baba ya samu sauƙi ba. Ciwon ya ci gaba da cinsa, a ƙarshe ko magana ba ya yi. Ban sake jin sunana a bakinsa ba.

Abin da na koya shi ne, mutumin da mantuwa ta kama bai zama fanko ba. Yana nan a ciki, da duk abin da ya ɗauka tsawon rayuwarsa, har da wanda bai taɓa gaya wa kowa ba. Maganar da muke ji kamar shirme, sau da yawa tana da tushe, mu ne ba mu san tushen ba. Da na yi nasarar jan Baba gida a ranar, da wasu yara a Tudun Jukun sun tashi marayu, kuma ni da na yi barcina lafiya ina ganin na kyauta. Don haka duk mai tsoho a gida, in ya yi magana, ko ba ka gane ba, ka ajiye abin da kake yi ka tambaye shi wa yake nufi, kuma ka jira amsar.